Yadda Za Ka Zagaya Cikin Birnin Katsina a Yini Ɗaya

Tambaya ɗaya ce ke ta dawowa daga masu karatu: mutum ya zo Katsina ɗaurin aure, ko ya kawo yaro jami'a, ko aiki ya kawo shi, sai ya samu yini guda a hannunsa, ta ina zai fara? Wasu kuma malaman makaranta ne da ke son kawo ɗalibai su ga tarihi da idonsu. Yini ɗaya ya isa a ga manyan wuraren cikin birni, muddin an bi su a jere. Abin da ke tsara wannan yawo shi ne zafin rana da lokutan salla. Wanda ya fara da inda ya kamata ya ƙare, ko dai ya tarar da ƙofa a kulle, ko ya hau hasumiya da rana tsaka ya sauko kansa na sarawa. Ga yadda ake bi.

1. Zaɓi wata da rana

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne lokacin da ya fi daɗin yawo. Akwai hazo da ƙura, leɓe na tsagewa, amma za ka yi tafiyar ƙasa ba tare da ka jigata ba. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40, kuma babu abin da za ka ƙaru da shi idan hankalinka duk yana kan neman inuwa. Damina ma ba laifi, sai dai a watan Agusta lunguna kan yi caɓi, matakalar ƙasa kuma ta yi santsi.

A cikin mako, zaɓi tsakanin Litinin da Alhamis. Ranakun aiki ne, za ka samu ma'aikatan gidan tarihi da na masarauta a wurarensu.

Hattara: kada ka sa wannan yawo ranar Juma'a. Tun kafin azahar hanyoyin da ke kaiwa Ƙofar Soro, wato ƙofar fadar sarki, suke cika saboda masallaci, ofisoshi kuma su tashi da wuri. Ranakun Salla ma haka. Idan hawa kake son gani, to ka zo don hawa kaɗai, ka samu wurin tsayawa tun da safe, ka bar sauran wuraren sai wani zuwan.

2. Shigo gari da rana, ka kwana

Daga Kano tafiyar kusan kilomita 170 ce, wato awa biyu da rabi zuwa uku a mota. Akwai motocin hukumar sufuri ta jihar, KTSTA, akwai na haya a tasha, akwai kuma filin jirgin sama na Umaru Musa 'Yar'aduwa ga mai hali. Mutanen Maraɗi suna shigowa ta Jibiya.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a taso daga Kano da safe da niyyar a yi yawo a koma a ranar. Kafin ka iso ƙarfe goma sha ɗaya ta yi, sanyin safiya ya wuce, rabin shirin ya rushe. Ka iso da yammacin jajibiri, ka kama masauki. Otal-otal galibi suna wajen ganuwa, ta ɓangaren GRA da manyan titunan sabon gari, kuma daga nan zuwa cikin birni ba nisa a keke.

Hattara: kada ka yi tafiyar dare a hanyoyin jihar. Wasu yankuna, musamman na yamma wajen Jibiya da Batsari da Safana, sun daɗe suna fama da matsalar 'yan bindiga. Cikin birnin Katsina ana harkoki yadda aka saba, amma kafin ka kama kowace hanya ta wajen gari, tambayi direbobin tasha halin da ake ciki a wannan makon.

3. Haɗa kayanka tun da dare

Takalmi mai sauƙin cirewa shi ne abu na farko, domin za ka cire shi sau da yawa: a fada, a masallaci, a zauren mutane. Takalmi mai igiya zai gajiyar da kai. Sai ruwan sha gora biyu, hula ko laima, man leɓe da takunkumi idan hunturu ne, da katin shaida. Waya ta kwana a caji.

Sutura ta zama ta mutunci. Namiji ya sa kaftani da hula, mace ta sa hijabi ko babban mayafi. Baƙon da ba Musulmi ba ma ya rufe jikinsa, gajeren wando ba ya shiga fada. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, da shigarka ake fara auna irin karɓar da za a yi maka.

Batun kuɗi kuma, ka tanadi tsaba, 'yan 200 da 'yan 500 masu yawa. Mai keke, mai gadi, mai fura, duk ba su cika samun canjin 1,000 da sassafe ba, kuma tsayawa jiran tiransifa ta shiga ɓata lokaci ne. Ka ciro kuɗin tun jajibiri, domin masu POS suna cirar ladansu kuma ba su cika fitowa da wuri ba. Kasafin yinin kashi biyar ne: shatar keke, wadda ita ce ta fi cin kuɗi, ladan ɗan rakiya, kuɗin shiga gidan tarihi, wanda ba shi da yawa, ɗan alherin masu kula da wurare, sai abinci da tsaraba.

4. Yi shatar keke, ka samu ɗan gari

Motarka ka bar ta a masauki. Lungunan cikin birni an yi su ne tun zamanin doki da jaki, babbar mota wahala kawai za ta ba ka, ga neman wurin ajiyewa. Keke Napep ya fi. Ka tsayar da ɗaya, ka lissafa masa wuraren da bakinka: Gobarau, Ƙofar Soro, tsohuwar kwaleji, Ɗan Marna, ƙofofi, kasuwa. Ku yi ciniki a kan yinin gaba ɗaya har da lokacin jira, ku kuma yanke ko kuɗin mai yana ciki. Farashi yana bin kuɗin fetur, saboda haka ka tambayi ma'aikacin masaukinka abin da ake biya a wannan lokacin kafin ka fita titi. Ba da rabi da safe, cikon da yamma. Karɓi lambar wayarsa.

Zaɓi direba mai ɗan shekaru, haifaffen cikin gari. Yawancin samarin da ke tuƙa keke sun san tituna sarai, amma idan ka ce a kai ka Masanawa ko Albaba ta lungu sai a fara tambaya.

Idan kana da aboki Bakatsine, roƙe shi ya raka ka. Sallamar ɗan gari tana buɗe ƙofar da takarda ba ta buɗewa. Mai kawo ɗalibai kuwa, ya rubuta wa gidan tarihi da sakatariyar masarauta takarda tun mako biyu kafin zuwa, da yawan yaran da ranar.

Hattara: kada ka biya kuɗin shata duka da safe. Kuma kada ka yarda da "sai abin da ka bayar". Wannan maganar da yamma take zama rigima.

5. Hasumiyar Gobarau, kafin ƙarfe tara

Nan za ka fara, kuma ka yi ƙoƙari ka isa wajen bakwai da rabi zuwa takwas. Ginin ƙasa ne mai tsawon kusan mita 15, abin da ya rage na tsohon masallacin Juma'a da makarantar da ta sa sunan Katsina ya kai nesa a fagen ilimi. Ana danganta shi da zamanin Muhammadu Korau, sarkin Katsina Musulmi na farko, kuma ana haɗa tarihin masallacin da zuwan Shehu Al-Maghili a ƙarshen ƙarni na 15. Ban da kiran salla, a da daga samanta ake hango mahara tun suna nesa.

Da ka isa, kada ka nufi matakala kai tsaye. Yi sallama, ka nemi mai kula da wurin, ku gaisa sosai, ka faɗi daga inda ka zo, sannan ka nemi izinin hawa. Idan ba ya nan, yaran unguwa sun san inda za a same shi.

Kafin ka hau, zagaya gindin tukuna. Ka dubi yadda ginin yake da faɗi a ƙasa yana tsukewa hawa-hawa zuwa sama, wannan ne sirrin tsayuwarsa. Ka matsa kusa da bango ka ga yaɓen, inda aka sabunta da inda ruwa ya zaizaye. Ginin ƙasa da yaɓe yake rayuwa, shekarar da aka yi sakaci da shi a jikinsa ake gani.

Matakalar ƙunci gare ta, kuma tsayin takun ba ɗaya ba ne, wani gajere wani dogo, gefunan duk ƙafafu sun cinye su. Hau a hankali, hannu ɗaya a bango, waya a aljihu. Idan kuna da yawa ku riƙa hawa uku-uku ko huɗu-huɗu, waɗanda suka hau su sauko kafin wasu su hau. A sama ka ɗan dakata kafin ka ciro waya. Nemi hasumiyoyin babban masallaci da wajen fada, domin can za ka nufa, ka ga yadda rufin kwano ya mamaye inda a da soraye ne. Da safe haske yana da taushi, hoto ya fi fita, kuma iska tana kaɗawa.

Idan mai kula da wurin mai son hira ne, tambaye shi labarin Malam Jodoma da saɓanin da aka yi a kan alƙiblar masallacin. Labari ne na baka da Katsinawa suka gada, kuma ya fi daɗi a ji shi a gindin hasumiyar. Idan za ka tafi ka ba shi ɗan alheri a hannu, cikin sirri.

Hattara: gidajen mutane ne kewaye da wurin, kuma daga sama ana ganin tsakar gidajensu. Kada ka juya kyamara can. Kada ka jingina da bakin katangar sama, kada ka bar yaro ya hau shi kaɗai, kuma idan an kwana ana ruwa ka haƙura da hawan. Masu kankare sunansu a jikin bango da makulli kuwa, ɓarna suke yi wa abin da ba za a iya sake irinsa ba. Idan ɗalibai ka kawo, ka ja musu kunne tun a mota.

6. Ƙofar Soro da Gidan Korau

Daga Gobarau zuwa fada tafiyar ƙasa ce. Ka ce wa mai keke ya same ka a Ƙofar Soro, kai kuma ka bi ta cikin unguwa. Wannan ɗan tattakin yana cikin abin da ka zo gani: zaurukan da almajirai ke karatu, tsofaffin ƙyamare, dattawa a kan dakali. Duk wanda ka wuce ka yi masa sallama.

Za ka ɓullo filin Kangiwa, inda ake jafi ranar hawa, ga babban masallacin Juma'a, ga ƙofar gidan sarki. Gidan Korau ake kiransa har yau, ko da yake sarauta ta sauya hannu: daga Haɓe, waɗanda suka koma Maraɗi bayan jihadi, zuwa Dallazawa zuriyar Ummarun Dallaje, zuwa Sulluɓawa tun daga Muhammadu Dikko a 1906. Bayan Dikko sai Usman Nagogo a 1944, sai Muhammadu Kabir Usman a 1981, sai Abdulmumini Kabir Usman a 2008. Ka riƙe waɗannan sunaye huɗu, domin duk hirar da za a yi maka a nan a kansu za ta riƙa zagayawa.

Tsakanin tara da rabi zuwa sha ɗaya ne fada ta fi rai. Hakimai da masu unguwanni na shigowa, dogarai na kai da kawo cikin jajayen kayansu. Nemi dogarin da ke bakin ƙofa, ka gaishe shi da "ranka ya daɗe", ka ce kai baƙo ne ka zo ganin gari, ina ne aka yarda baƙo ya tsaya. Inda ya ce ka tsaya, nan ne iyakarka. Idan aka shigar da kai wani zaure, cire takalmi ba sai an faɗa maka ba. Idan Sarki ya fito, ka rusuna, ka yi shiru, ka bar masu gaisuwa su yi aikinsu.

Kada ka sa rai za a fito maka da takobin nan Gajere ko sauran kayan sarauta na gado. Ba don 'yan kallo aka ajiye su ba, sai a manyan bukukuwan sarauta ake ganinsu.

Hattara: fada gidan mutum ne kuma wurin aiki, ana sulhu ana sauraron koke. Kada ka ɗauki hoton dogari, ko basarake, ko mutanen da suka kawo ƙara, sai ka tambaya. Jami'an tsaron da ke wurin kuwa, kada ma ka tambaya.

7. Tsohuwar Kwalejin Katsina, lokacin da rana ta take

Yanzu ka koma keke, ka ce a kai ka gidan tarihi, tsohuwar kwaleji a Rafukka. An ajiye wannan mataki a nan ne da gangan, saboda bangon ginin yana da kauri, cikinsa da sanyi ko da waje na ƙuna.

Gwamna Hugh Clifford ne ya buɗe makarantar a 1922 don horar da malamai. A nan Ahmadu Bello ya yi karatu daga 1926 zuwa 1931, Abubakar Tafawa Ɓalewa kuma daga 1928 zuwa 1933, haka Kashim Ibrahim da Abubakar Imam. An mayar da ita Kaduna a 1938, daga baya Zariya, inda ta zama Kwalejin Barewa. Ginin yanzu yana hannun hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa.

Ka biya kuɗin shiga, ka karɓi rasit, ka sa hannu a littafin baƙi. Nemi a haɗa ka da ma'aikacin da zai zagaya da kai, domin rubutun da ke jikin kaya ba ya kai rabin abin da ke bakinsu. Tambayi ƙa'idar hoto tun a ƙofa. Ka ba wurin awa ɗaya da rabi. Mutane da yawa suna duba kayan da ke cikin gilashi su fice, alhali ginin kansa shi ne babban abin kallo. Ɗaga kai ka dubi rufin, ka dubi faɗin bango a bakin taga, ka tsaya a cikin aji ka auna ƙanƙantarsa da girman mutanen da suka fito daga ciki. A ganina duk ɗalibin Arewa ya kamata a kawo shi nan ko sau ɗaya ne kafin ya gama sakandare.

8. Azahar, abinci, hutu

Yi salla, ka ci abinci, ka kwanta. Tsakanin ɗaya da rabi zuwa la'asar babu abin da za ka gani da ya kai wahalar da za ka sha. Ci abu mara nauyi, fura da nono ko ɗanwake sun isa. Ka sallami mai keke ya je ya yi nasa aikin, ku yi alƙawarin ƙarfe huɗu.

9. Maƙabartar Ɗan Marna

Kirarin garin ma cewa yake, Katsina ɗakin kara, tudu garin Ɗan Marna. Wali Ɗan Marina, wato Ɗan Marna, malami ne kuma mawaƙi na ƙarni na 17, almajirin Wali Ɗan Masani wanda ya rasu a 1667, kuma maƙabartar da ke ɗauke da sunansa har yau ana binne mutane a cikinta. A nan aka yi jana'izar Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa a watan Mayu na 2010.

Ziyara za ka yi a nan, saboda haka ka shiga da ladabinta. Yi sallamar da ake yi wa mamata, ka gaisa da masu aikin maƙabartar, su za su nuna maka inda za ka bi. Ka kula da inda kake sa ƙafa. Yi addu'a ka fito, minti ashirin ya isa. Abin da za ka ba masu haƙa da masu shara sadaka ce mai kyau.

Hattara: idan ka tarar ana jana'iza, ko dai ka bi sahu ko ka jira a waje. Mata su tambaya tukuna kafin su shiga. Ba a hoton kai a maƙabarta.

10. Ƙofofin gari

Ƙofofin da aka fi sani bakwai ne: Ƙaura, Ƙwaya, 'Yanɗaka, Guga, Sauri, Durɓi da Marusa. Kada ka ce sai ka tsaya a kowace. Yawancinsu an sake gina su da siminti, ganuwar da ta haɗa su kuma gine-gine da zaizaya sun cinye mafi yawanta, abin takaici ga garin da matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth ya zo a 1851 ya tarar da katangarsa a tsaye.

Tsaya a biyu. Ƙofar 'Yanɗaka ita ce wadda Lugard, jagoran Turawan mulkin mallaka, ya shigo ta cikinta a 1903, zamanin Sarki Abubakar. Sai Ƙofar Guga ko Ƙofar Sauri, duk wadda ta fi kusa da hanyarku. A kowace ka tambayi dattawan da ke zaune kusa ko akwai sauran tudun ganuwa da za a iya gani, su suka san inda ya rage a bayan gidaje. Sauran ƙofofin ka gan su daga cikin keke. Ƙofar Ƙaura da Ƙofar Ƙwaya yanzu manyan mahaɗar motoci ne masu gadar ƙasa, babu wurin tsayawa cikin natsuwa.

Hattara: kada ka tsaya tsakiyar titi don ƙofa ta fito maka a hoto. 'Yan acaɓa da yamma ba sa rage gudu.

11. Tsaraba kafin magariba

Abin da ya rage na yini ka ba kasuwa. Idan lokaci ya ƙure, 'Yar Kutungu ta wadatar. Idan da saura, a wuce da kai babbar kasuwa. Hula, turare, kayan fata, kilishi da ƙuli-ƙuli ba sa wuyar ɗauka. Bar ɗan rakiyarka ya fara taya kaya, kai ka yi shiru, domin da ka buɗe baki an gane harshenka ba na gari ba ne. Kilishi ka ɗanɗana kafin a naɗe, ka ce a yanko daga wanda ka ɗanɗana.

Ka cika wa mai keke kuɗinsa a ƙofar masauki, ba a kasuwa ba, ka ƙara masa wani abu idan ya yi haƙuri da kai. Kada ka kama hanyar gida a daren, ka bari sai gari ya waye. Masu son haɗawa da rijiyar Kusugu a Daura, mai nisan kusan kilomita 80, ko kaburburan Durɓi ta Kusheyi a ƙasar Mani, su ware musu yini na biyu, su fita da sassafe, su dawo kafin la'asar sakaliya.